Ana Kiran Gidan Motsa Jikina Matattarar 'Yan Luwaɗi: Ina Matsayina a Doka?

Tambaya: Barista, ina da gidan motsa jiki a Abuja. Muna da zauren WhatsApp da nake tura jadawalin ɗaga ƙarfe da tsarin cin abinci ga masu son rage teɓa da masu son tara tsoka. Ana ƙus-ƙus cewa wasu daga cikin masu zuwa maza suke nema, ni dai ban taɓa tambayar kowa ba. Wani mai horarwa da na sallama ya ce in ban ba shi naira dubu 500 ba zai gaya wa 'yan sanda cewa ƙungiyar 'yan luwaɗi nake gudanarwa, kuma zai watsa sunayen mutanena a Facebook. Mai gidan da nake haya ma ya ji, ya ce in kwashe kayana. Na taka doka ne? In kori waɗanda ake zargin?

Amsa: Malam, a kan abin da ka faɗa, sayar wa mutum lokacin motsa jiki da tsara masa abin da zai ci ba laifi ba ne, ko wane ne shi. Wanda ya fi kusa da laifi a labarinka shi ne mai neman kuɗin. Sai dai kada hakan ya sa ka saki jiki, domin a irin wannan magana abin da ke cin mutane shi ne kamu, da tonon silili, da taron jama'a, tun kafin a je gaban alƙali.

Dokar da yake tsorata ka da ita ita ce ta hana auren jinsi ɗaya, wadda Majalisar Tarayya ta kammala a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014. Mutane da yawa sun ɗauka aure kawai ta hana. Sashe na 5(1) ne ya yi maganar aure, da ɗaurin shekara 14. Waɗanda suka shafe ka su ne sashe na 4(1), da 5(2), da 5(3): haramta yi wa kulob ko ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya rajista, ko gudanar da ita, ko shiga cikinta, ko tallafa mata, da ɗaurin shekara 10. Haka nan nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a. Rauninta shi ne ba ta fayyace me ake nufi da irin wannan kulob ba, kuma wannan giɓin ne masu ƙwace da wasu jami'ai suke fakewa da shi. Amma a kotu, mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar, ba tare da kokwanto ba, cewa don wannan manufa aka kafa wurin ko ake tafiyar da shi. Wurin da ke da rajistar kasuwanci a hukumar CAC, mai farashi a jikin bango, wanda kowa zai biya ya shiga, bai zama ƙungiya ba don kawai wasu cikin masu zuwa suna da wata rayuwa a waje. Babu kuma inda dokar ta ɗora wa ɗan kasuwa nauyin binciken kwastomominsa ko kai rahotonsu. Sashe na 6 ya bai wa Babbar Kotun jiha ko ta Abuja hurumin sauraron wannan tuhuma, ba kotun majistare ba.

Ɗaya dokar ita ce Kundin Final Kod, wanda ke aiki a Abuja. Sashe na 284 ya hukunta aikin luwaɗi da ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Aiki yake hukuntawa, kuma aiki sai da shaida. Salon tafiya, ko muryar mutum, ko ɗamammiyar riga ba shaida ba ne. Da a ɗaya daga cikin jihohi 12 masu kundin laifuffuka na Shari'a kake, wanda Zamfara ta fara a 2000, da lissafin ya canza ga Musulmi: a 2022 wata kotun Shari'a a Ningi ta Jihar Bauchi ta yanke wa maza uku hukuncin jefewa. Abuja ba ta da irin wannan kundi, amma ka riƙe wannan in kana tunanin buɗe reshe a Kano ko Zariya.

Yadda dokar 2014 ke aiki a zahiri ya fi rubutunta koyar da darasi. A Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda ta Legas, aka nuna fuskokinsu a talabijin, aka gurfanar da 47. A Oktoban 2020 Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa bin ta yadda ya kamata. Ba a ɗaure kowa ba, amma da yawa cikinsu sun riga sun rasa aiki da muhalli. A Abujar da kake, a Fabrairun 2014, makonni kaɗan bayan sa hannu a dokar, gungun matasa sun bi gida-gida a unguwar Gishiri suna fito da maza suna duka. Batun yana tashi ne duk lokacin da siyasa ta hura shi, kamar hayaniyar Yulin 2024 kan Yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta shiga da Tarayyar Turai aka yi ta zargin tana goyon bayan masu neman jinsi ɗaya, kuma a irin wannan lokaci ne rubutu ɗaya a Facebook ke tara jama'a a ƙofar mutum.

Saboda haka kada ka biya ko sisi. Wanda ya karɓi dubu 500 yau ya san kana tsoro, zai dawo, kuma rasit ɗin tura kuɗin zai zama abin da zai nuna ya ce ai da ba ka da laifi da ba ka biya ba. Abin da yake yi ƙwace ne ta hanyar tsoratarwa a ƙarƙashin sashe na 291 da 292 na Final Kod, mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, kuma barazanar kanta laifi ce ko da ba ka ba shi komai ba. Ka adana saƙonninsa da muryoyinsa yadda lamba da kwanan wata za su fito, ka ajiye kwafi a wani wuri dabam, ka bar asalin a wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da saƙon ya fito. Kada ka mayar masa da zagi.

Yadda za ka kai ƙara shi ne wurin da ake yawan tuntuɓe. In ka taka da ƙafarka zuwa caji ofis kai kaɗai ka zazzage labarin duka, sau da yawa sai a bar mai ƙwacen a koma kan "su waye waɗannan yaran?" Ka sa lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na Abuja, ta tsaya a kan abu uku: wane ne ya nemi kuɗi, nawa, da wace barazana. Kada sunan kwastoma ko ɗaya ya shiga ciki. Wani lokaci ma wasiƙar gargaɗi daga lauya, mai ambaton sassan dokar, ta isa ta sa mutum ya janye, musamman in akwai ragowar haƙƙinsa na sallama da za a biya shi a rubuce, a matsayin albashi, da sa hannunsa.

In kuwa 'yan sanda suka zo, ka nemi ganin takardar izinin bincike daga kotu, ka duba adireshin da ke jiki. Kada ka yi kokawa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce sutura, ko aski, ko kamannin mutum ba hujjar zargi ba ne. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, kuma dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka (ACJA) ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, sashe na 17 kuma ya ba ka damar bayar da jawabi a gaban lauyanka, da tafinta in ba ka jin Turanci sosai. Beli kyauta ne, mace ma na iya tsaya maka. Shari'a irin wannan tana iya tsayawa a kan takardar amsa laifi, wadda aka sa wa hannu da dare a gajiye, saboda haka kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Kada ka buɗe wayarka don a ga kana da gaskiya: sashe na 14 na Dokar Shaida ya bar wa alƙali damar karɓar shaida ko da ba bisa ƙa'ida aka samo ta ba. Duka, ko tilasta gwajin dubura, abin ƙara ne a ƙarƙashin Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Ana kuma cin nasara: a 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba shugaban wata ƙungiyar kiwon lafiya diyyar naira miliyan ɗaya kan kamun da 'yan sanda suka yi masa a ofishinsa a 2014.

Batun korar mutane, ban ba ka shawara ba. Korar mutum a kan jita-jita tamkar ka buga masa tambari ne, zai iya ƙarar ka kan ɓata suna da kuɗin watannin da ya biya. Akwai kuma nauyin da wataƙila ba ka san yana kanka ba. Mai tsara wa mutane abinci yana riƙe da nauyinsu, da hawan jininsu, da ciwon sugansu, wani ma ya gaya maka yana shan maganin ƙanjamau. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa lafiya da rayuwar jima'i cikin bayanai masu tsauri, Dokar Hana Tsangwamar Masu Ƙanjamau ta 2014 kuma ta hana fallasa mutum ko hana shi hidima saboda cutar. Don haka yau ɗin nan ka cire tsohon ma'aikacin daga zauren, ka canza lambobin sirri, ka kulle fom-fom ɗin rajista, ka mayar da zauren yadda masu kula kaɗai ke iya turawa. Kada ka miƙa jerin sunaye ga kowa sai da umarnin kotu. Amma kada ka goge tsoffin saƙonni yanzu da magana ta taso, su ne shaidarka cewa wake da ƙwai da ɗaga ƙarfe ake tattaunawa.

Mai gida ba shi da ikon fitar da kai da baki. In haya ta shekara ce kuma yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, dokar karɓar gida ta Abuja ta tanadi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan umarnin kotu. Ka ci gaba da biyan haya ta banki. Ka kuma duba kantarka: garin furotin marar lambar NAFDAC, ko allurar ƙara tsoka da wani mai horarwa ke sayarwa a ɓoye, su ne abin da za a iya tuhumarka da shi cikin sauƙi in an zo bincike ba a samu abin da aka zo nema ba. Ka fitar da su daga wurin, ka sanar da ma'aikata a rubuce cewa an hana.