Amsa: Me ya sa hasken fairin ke saurin mutuwa a saikuloheksen?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce hasken fairin ɗinki (sinadarin da ke fitar da haske bayan an haska shi) a saikuloheksen, ruwan da kika narkar da shi a ciki, yana dushewa cikin nanosakan 20 kacal (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), alhali littattafai sun ce ya kan haura 400, shi ya sa kike zargin ruwan narkarwar. Kafin ki ɗora masa laifi, duba iskar oksijin.

Saikuloheksen da aka bari a buɗe yana riƙe da oksijin kusan milimola 2 a lita, ninki bakwai ko fiye na abin da ruwa ke riƙewa. Fairin kuwa yana daɗewa a matakin ƙarfi na sama bayan ya sha haske, don haka oksijin na cim masa, ya karɓe ƙarfin tun bai fitar da haske ba. Sinadarin da ke sauka cikin nanosakan 4 ba ya jin wannan sosai.

Ki toshe bakin kuvet (ƙaramar kwalbar da ake auna samfur a ciki) da roba, ki busa iskar agon, mai korar oksijin, ta allura na minti 15 zuwa 20, da wata allurar da iska za ta fita. Sai dai saikuloheksen na bin iska, samfurin ya yi kauri ba ki sani ba. Ki sa agon ya bi ta kwalbar saikuloheksen tukuna. Mafi inganci shi ne daskararwa da ruwan naitirojin, a zuƙe iska da famfo, a narkar, har sau uku. Kada fairin ya wuce maikuromola 10, in ba haka ba ƙwayoyin za su riƙa haɗuwa biyu-biyu, wani faffaɗan haske ya ɓullo wajen nanomita 470, lissafinki ya rikice.

Bayan kin kori oksijin ne za ki ga ainihin aikin ruwan narkarwa. Ruwan narkarwa mai ƙarfin caji, kamar asitonaitiril, yana juyawa ya kewaye ƙwayar cikin fikosakan (kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan), ya rage mata ƙarfi, hasken ya karkata zuwa ja. Sinadarin DMABN misali ne: haske ɗaya a saikuloheksen, biyu a asitonaitiril. Kaurin ruwan narkarwa ma na da tasa rawar: sinadarin stilbin na murɗewa ya zubar da ƙarfinsa a heksen, giliserol kuwa ya hana shi motsi, haskensa ya ƙaru. Ki guji duk ruwan da ke ɗauke da buromin ko ayodin, domin suna tura ƙwayar zuwa matakin tirifilet, wani matakin ƙarfi da ba ya ba da wannan hasken.

Ga fairin, auna tsayin tsauni na ɗaya a kan na uku a jadawalin hasken da yake fitarwa: kusan 0.6 a heksen, kusan 1.8 a ruwa. In naki ya haura 0.6 sosai, ruwan narkarwarki ba tsantsa ba ne.