Amsa ga ɗalibin Jidda kan koyon na'ura da haɗaɗɗun kayan ƙira

Ɗan'uwa, ka tambaya ko koyon na'ura mai zurfi, wato horar da kwamfuta ta koya daga tarin bayanai, zai iya maye gurbin gwaji wajen ƙera haɗaɗɗun kaya irin su zaren kabon da aka daskarar cikin resin, wani irin ƙaro mai sandarewa. A taƙaice, a'a, amma yana rage wahala ƙwarai.

Matsalar kayan nan ita ce yawan zaɓi. Kamar magini ne da ke cuɗa ramno da laka: yawan zaren, kusurwar da aka shimfiɗa kowane falle, da jerin fallayen, kowanne na canza ƙarfin abin. A lissafa kowane tsari ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta yakan ci sa'o'i. Shi ya sa ake tara sakamakon dubban lissafi a horar da manhaja da su, daga nan ta riƙa hasashen ƙarfin sabon tsari cikin ƙiftawar ido. Har akasin haka ana yi: ka faɗi ƙarfi da nauyin da kake so, ta ba ka tsarin shimfiɗa.

Sai dai abin da ba ta gani a horo ba, cinke take yi. Kumfar iska da ta maƙale tsakanin fallaye, ko zafin bazarar birnin Dammam na Saudiyya da ruwan gishiri, in ba sa cikin bayanan, amsarta za ta yi kyau a allo, bututun da aka ƙera bisa amsar kuma ya tsage a fili.

Fannin na da kasuwa. Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 haɗaɗɗen kaya ne, kamfanin mai na Saudiyya, Aramco, kuma na amfani da bututun da ba na ƙarfe ba saboda tsatsa. Fara ƙwarewa a makanikancin kaya, wato ilimin ƙarfi da juriyar kayan ƙira, kafin yaren rubuta manhaja na Python, sannan ka leƙa jami'ar KAUST a Thuwal ko ta KFUPM a Zahran.