Tambayi Likita: Kwana a Tantin Alfarma Cikin Dajin Masai Mara

Daga Yuli zuwa Oktoba garkunan namun daji ke tsallako kogin Mara daga dajin Serengeti na Tanzaniya zuwa dajin Masai Mara na Kenya, kuma a wannan tsakanin ne tambayoyi kan tafiya can suke yawaita. Masaukan da ake tambaya a kansu ƙanana ne: 'yan tantuna kaɗan a bakin kogi, wutar sola, babu katanga, amma gado da abinci irin na babban otal. Abin da nake so a riƙe tun farko shi ne, kuɗin da aka biya jin daɗi ya saya, bai matso da asibiti kusa ba.

Likita, haifaffen Kano ne ni, na daɗe a Landan. Maleriya kuwa tun ina yaro muke tare. Sai na sha maganin rigakafi?

Sai ka sha, Malam. Juriyar da jikinka ya samu a Kano ba gado ba ce. Cizon sauro akai-akai ne ke riƙe da ita, idan mutum ya bar yankin sai ta soma zagwanyewa. Shi ya sa a Ingila mafi yawan masu komawa da maleriya mutanenmu ne na Afirka da suka je ganin gida, suka ce ai su sun saba. Nau'in da ke Gabashin Afirka shi ne falsifarum, irin namu, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Magungunan da aka fi bayarwa uku ne. Malarone ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin shiga, a sha kullum tare da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Doxycycline ya fi araha, sai dai za ka kai mako 4 kana sha bayan dawowa, yana sa rana ta ƙona fata da wuri, kuma ba a ba mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8. Mefloquine sau ɗaya ne a mako, amma ba na ba wanda ke da farfaɗiya ko ya taɓa fama da ciwon damuwa. Don tafiyar mako guda na fi son Malarone.

A irin waɗannan masaukai ba lallai a yi feshin maganin sauro mai ƙarfi ba, saboda kare muhalli ne sana'arsu. Kariyar tana hannunka: ja zif ɗin tanti har ƙasa duk shiga duk fita, shafa man sauro mai sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50 tun kafin magariba, sa riga mai dogon hannu idan za a zauna gaban wuta da dare. Idan zazzaɓi ya zo bayan ka koma, ko da bayan wata biyu ne, ka je a gwada jininka a ranar, ka faɗa musu da bakinka inda ka je.

Likita, zan kai mahaifina, ya haura saba'in, yana allurar insulin ta ciwon suga. An ce wurin sola kawai suke amfani da ita. Ina tsoron maganin ya lalace.

Allah Ya saka da alheri, wannan tambayar ta kamata a yi kafin a biya kuɗi. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yana jure zafin ɗaki har kusan kwana 28. Abu biyu ne ke kashe shi: rana kai tsaye da daskarewa. Don haka kada a bar shi a kujerar motar yawon daji, kada a manna shi da ƙanƙara, kada kuma a saka shi a akwatin da zai shiga ƙasan jirgi. Jakar hannu ce wurinsa, tare da takardar likita.

Ka rubuta wa masaukin ka tambaye su a fili: firjin kicin yana kwana da wuta, ko ana kashe shi da dare don batir ya huta? Galibi suna da batir mai riƙe wuta har safe, amma a ji daga bakinsu. Ko da an samu matsala, akwai 'yar jakar insulin da ake jiƙawa da ruwa, tana sanyaya shi kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Mara ma tudu ce, ta haura mita 1,500, darenta sanyi ne.

Ni abin da ya fi damuna ba firji ba ne, faɗuwar suga ce. Ana fita kallon dabbobi da misalin ƙarfe 6 na safe, karin kumallo kuwa wani lokaci sai an yi sa'o'i a daji. Dattijon da ya yi allurarsa bayan sallar asuba ya hau mota da shayi kawai a cikinsa, yana iya fara zufa da rawar hannu a wurin da doka ta hana kowa sauka daga mota. A sa masa dabino da sukari a aljihu, a tafi da na'urar gwaji, a kuma gaya wa direban tun ranar farko abin da zai yi idan ya ga Baba ya rikice. Kenya ta fi Najeriya da awa 2 kacal, don haka lokutan allura ba za su canja sosai ba, amma ku zauna da likitansa ya tsara. A ɗauki magani ninki biyu na abin da ake buƙata. Ƙananan jiragen da ke tashi daga filin Wilson na Nairobi kilo 15 suke yarje wa mutum, to a rage kaya, kada a rage magani.

Sai ƙafa. Kada Baba ya taka ƙasa ba takalmi, ƙaya ta yi yawa, mai suga kuma ba lallai ya ji ta shige shi ba. A kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama.

Na ƙarshe, ku sayi inshorar ɗauko marar lafiya da jirgi. AMREF Flying Doctors, da aka kafa a 1957, suna wannan aiki daga Nairobi. Sai dai yawancin filayen saukar jirgi na daji ba su da fitilu, don haka abin da ya taso da dare yakan jira wayewar gari. Wanda zuciyarsa ko ƙodarsa ba ta daidaita ba, a jinkirta tafiyar.

Katina na rigakafin cutar shawara ya fi shekara goma. Sai na sake allura?

A'a, Hajiya. Tun 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kenya da Tanzaniya suna neman katin daga wanda ya taso daga Najeriya. Idan naki tsohon kati ne, ki je ofishin lafiya na filin jirgi a duba shi tun da sauran lokaci. Wanda bai taɓa yi ba, katinsa sai bayan kwana 10 yake fara aiki.

Masu masaukin sun turo mana cewa kada mu zo da kaya shuɗi ko baƙi. Wannan ba tsirfa ba ce?

Ba tsirfa ba ce, saboda ƙudan tsando ne. Shuɗi da baƙi suna jan shi, har tarkon da ake kafa masa da waɗannan launuka ake ɗinka shi. Da rana yake cizo, yana huda yadi marar kauri, man sauro kuma bai cika tare shi ba. Makiyayanmu sun san shi da sammore a shanu, kuma a Kaduna akwai cibiyar bincike ta tarayya a kan cutar. A jikin mutum ciwon barci yake sawa. Na yankinmu yana ɗaukar watanni ko shekaru kafin ya bayyana, na Gabashin Afirka kuwa cikin makonni yake kayar da mutum.

Kada hankali ya tashi, kamuwa da shi abu ne mai wuyar gaske, yawancin cizon zafi ne kawai da kumburi. Alamar da ba a wasa da ita ita ce gyambo ja mai zafi a wurin cizon bayan 'yan kwanaki, tare da zazzaɓi mai ƙarfi, gwajin maleriya kuma ya nuna babu. 'Yan'uwa mata masu baƙar abaya, a nemi hijabi ruwan ƙasa ko ruwan toka mai ɗan kauri, sutura ta samu, ƙuda ya rasa.

Ina da cikin wata biyar, maigida ya riga ya biya. In je?

Da ƙanwata ce ke, cewa zan yi ki haƙura. Maleriya ta fi tsanani ga mai juna biyu, tana jawo ƙarancin jini, ɓari da haihuwar bakwaini. Ƙara da awanni ana jijjiga a hanya mai gargada, ga nisa da ɗakin tiyata idan jini ya ɓalle. Ki karɓo takarda daga likitan da ke miki awo, maigida ya nemi a ɗage ranar. Yawancin masaukai sukan duba irin wannan uzuri.

Yarona mai sikila ne, shekararsa 13. Ruwan wurin kuma an ce ba na roba ba ne.

Tun 2020 Kenya ta hana shiga gandun daji da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya, shi ya sa suke tace ruwa su zuba a gora ta ƙarfe ko kwalba. Wannan ruwan a sha, a goge baki da shi. Na famfon tanti da na bokitin wanka a bar wa wanka da alwala. A tafi da ƙullin ORS ko da gudawa za ta zo. Kogi kuwa ko ƙafa kada a tsoma, akwai kada da dorina, ruwan kwance kuma yana ɗauke da tsargiya.

Batun sikila ya fi na ruwan nauyi. Abubuwa uku masu tayar da ciwon sun haɗu a wuri ɗaya: tudu mai ƙarancin iskar shaƙa, sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota, da bushewar jiki. Ƙananan jiragen ma ba a daidaita iskar cikinsu kamar manya, don haka gara a je ta mota daga Nairobi, tafiyar awa 5 zuwa 6, ana tsayawa yana shan ruwa. A duba yawan jininsa kafin tafiya, ya sha rigakafin maleriya ko da a Najeriya yake zaune, a ɗauki rigar sanyi da safa da magungunan ciwonsa. Idan an kwantar da shi a 'yan watannin nan, ko ya taɓa yin ciwon ƙirji irin na sikila, a bar Mara tukuna. A kai shi Yankari a Bauchi, ya ga giwa da ɓauna, ga asibitin koyarwa a cikin garin Bauchi idan buƙata ta taso.