Naman kazan da yara suka tsinto: a dafa ko a zubar?

Tambaya: Malam, bayan ruwan da aka yi, yarana sun tsinto farin naman kaza a bakin Gulbi. Maƙwabciyata ta ce duk wanda akuya ta ci, mutum ma zai iya ci. Haka ne? Daga wata uwa a Maradi.

Amsa: Hajiya, don Allah ki zubar da shi, inda yaran ba za su sake gani ba. Maganar akuya ba ta da tushe, cikin dabba daban, na mutum daban. Akwai kuma dafin da ko tafasa ba ta kashe shi.

Wanda aka fi ci a ƙasashenmu shi ne mai fitowa a kan suri ko gefensa cikin damina. Masana na ce masa Termitomyces, kuma gara ce ke nomansa a cikin gidanta. Hularsa tana da ɗan tsini a tsakiya. In aka sa wuƙa aka tona a hankali, za a ga ƙafarsa ta sirance kamar saiwa, ta nutse har gidan garar. Shi ya sa ba a tsinke shi ta sama, shaidar tana ƙasa.

Wanda ya fi rudar mutane babba ne fari, mai kyan gani, yana fitowa cikin ciyawa, sau da yawa a jere zagaye. Ki cire hular, ki kifa ta kan farar takarda, ki rufe da kwano ta kwana. In garin da ya zubo kore-kore ne, dafi ne: amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3. Na suri ruwan hoda yake bari. Amma wannan gwajin na cire mugu ne kawai, bai isa ya sa ki ci ba. Sai kin bi dattijuwar da ta daɗe tana cinsa, ta nuna miki a inda ya tsiro. Hoton waya ba ya isa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, akwai masu dafin da ba ya nunawa sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi kamar ya samu sauƙi, alhali hantarsa na lalacewa. In wani ya ci wanda ba a sani ba, kada a tsaya ba shi madara ana jira. A kai shi likita nan take, a tafi da ragowar.