Amsa ga ƙanena na Birnin Kebbi mai son zuwa Holan karatun tsara hanyoyin keke

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, tare da taswirar da ka zana. Ka ce ka gama digiri a fannin tsara birane, kana son yin na biyu a nan Holan, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kake ganin mutane suna kakkaɓe tsofaffin kekunansu, kuma kana ganin lokaci ya yi da Birnin Kebbi za ta samu hanyoyin keke na kanta. Ka tambayi makaranta da kuɗi, ka kuma tambaya ko abin da ake yi a nan zai yiwu a gida.

Bari in fara da mai sauƙin. Makarantun da suka dace da kai su ne jami'ar fasaha ta Delft, da cibiyar ITC ta jami'ar Twente da ke Enschede idan hankalinka ya fi karkata ga taswira da bayanan ƙasa, sai kuma cibiyar IHS ta jami'ar Erasmus a Rotterdam, wadda ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga Afirka da Asiya kan harkar gidaje da raya birane. A dukansu da Turanci ake koyarwa a matakin digiri na biyu. Kuɗin makaranta ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yana da nauyi ƙwarai, kuma kafin a ba ka izinin zama sai ka nuna kuɗin ci da sha da haya na shekara guda. Kada ka dogara da cewa za ka yi aiki ka biya: doka ta ba ɗalibi irinka awa 16 ne a mako, ko cikakken aiki a watannin Yuni, Yuli da Agusta, kuma sai mai ɗaukarka ya nemo maka takardar izini. Ɗakin haya kuwa shi ne babban ciwon kai a kusan duk garin da ke da jami'a. In ba ka samu tallafin karatu mai ƙwari ba, ka dakata tukuna.

Yanzu taswirarka. Ta yi kyau, layukan sun miƙe daga tsakiyar gari zuwa Badariya da Gesse da hanyar Kalgo inda jami'ar tarayya take. Amma ban ga alamar ka tambayi ko mutum ɗaya mai hawan keke ba kafin ka ja su. A nan ne nake son mu tsaya, domin wannan ne abin da ya cancanci a tsallako teku a koya, ba jar kwaltar hanyoyin keke da kake gani a hotuna ba.

Mutane da yawa suna zaton da keke aka haifi Holan. Ba haka abin yake ba. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun rungumi mota, suka rushe gine-gine don faɗaɗa tituna. A 1971 mutane kimanin 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a wannan 'yar ƙasa, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye ne suka fito, musamman mata, suna tare tituna da tebura da kujeru suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake idan babu ƙarar inji. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu hawan keke ta ƙasa, Fietsersbond, wadda har yau rassanta ke zama da ƙananan hukumomi kan kowane shatale-tale. Ka ga ke nan talakawan gari ne suka tura, injiniyoyi suka biyo baya. Garin Delft, da ya tashi tsara hanyoyin kekensa a ƙarshen shekarun 1970, sai da ya binciki inda mutane ke bi da abin da ke sa su kewaye, sannan ya tsara hanyoyin a matakai uku, na gari gaba ɗaya, na yanki, da na cikin unguwa. Yawancin aikin ma cike giɓi ne, 'yar gada a nan, mashiga ta ƙarƙashin titi a can.

Kwanakin baya an kira taro a unguwarmu kan wani titi da ake son mayarwa na keke, inda mota za ta zama baƙuwa, ta bi bayan mai keke a hankali. Takarda aka jefa wa kowane gida, aka sa taron da yamma bayan an tashi aiki, a zauren wata makarantar firamare. Babu jawabin babban baƙo. An shimfiɗa ƙatuwar taswira a kan tebura, aka ba kowa 'yan takardu masu manne, ja ga inda kake jin tsoro, kore ga inda kake jin daɗin bi. Wata tsohuwa ta ɗora yatsa a kan wata kwana ta ce da safe motar kawo kaya tana tsayawa daidai nan, yaran makaranta sai sun leƙa tsakiyar titi kafin su wuce, kuma babu wannan a cikin ƙidayar da ma'aikatan suka zo da ita domin motar ba ta wuce minti goma. Mai gidan burodi kuma ya tashi ransa a ɓace, ya ce in aka ɗauke wurin ajiye mota na ƙofar shagonsa an kashe masa kasuwa. Bayan 'yan watanni aka sake aiko da takarda mai ɗauke da duk abin da aka faɗa, da amsar kowanne: wannan mun karɓa, wannan ba mu karɓa ba ga dalili. Ni a wurina wannan takarda ta biyu ta fi taron kansa daraja. Mutum yakan haƙura a ƙi maganarsa idan ya ga an ji ta.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Masu zuwa irin wannan taro galibi 'yan fansho ne da masu gidan kansu da masu iya magana. Ɗalibai da baƙi irinmu da masu aikin dare ba ka cika ganinsu ba, kuma wani lokaci ana kiran mutane ne bayan an riga an gama yanke shawara. Sannan jin ta bakin jama'a ba ya nufin sai kowa ya yarda. A 1977 garin Groningen ya raba tsakiyarsa gida huɗu, ya hana mota tsallakawa daga wani yanki zuwa wani sai ta fita ta kewayo, 'yan kasuwa suna kururuwar za su karye. Hukuma ta tsaya kan bakanta, yau garin na cikin waɗanda aka fi hawan keke a duniya.

To, a Birnin Kebbi wa za ka tambaya? Ba masu zama a ofis mai sanyi ba, domin su rabonsu da keke tun suna sakandare. Ka je wurin mai faci da ke gindin dogon yaro, shi ya san wace hanya ce ke cin taya da wadda ke lanƙwasa wili. Ka tari manomin da ke sauka fadama da asuba da fartanya ɗaure a kariya, da mai kawo madara ko kayan miya kasuwa, da yaran makarantar boko da na Islamiyya. Ka zauna da 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep tun da wuri, don duk layin da ka ware a gefen titi su ne za su fara shiga, kuma in suka ga abin barazana ne ga abincinsu to ya mutu tun kafin fentin ya bushe. Haka masu kasa kaya a bakin hanya. Kada ka shiga unguwa ba ta hannun mai unguwa da limami ba, amma kuma kada ka tsaya a kansu, don idan manya suna zaune yaro ba zai buɗe baki ya ce ga inda babbar mota ta kusa take shi ba. Yara a same su a makaranta, a ba su takarda su zana hanyarsu daga gida. Mata kuwa sai ka samu 'yar'uwa ta shiga gidaje ko ta same su a Islamiyya. Ko ba su hawa, su ne ke yanke ko yaro zai tafi makaranta da keke ko a nemo kuɗin mashin.

Ina kyautata zaton abin da za su faɗa maka zai saɓa wa taswirarka. A nan abokan gabar mai keke ruwan sama ne da iska. A gida rana ce ta watan Afrilu da ke haura digiri 40, da yashin da ke taruwa a gefen kwalta daidai inda keke zai bi, da lambatu a buɗe, da duhu bayan magariba, da ɓarawon keke a bakin kasuwa. Mai yiwuwa layin bishiyoyi da sharar yashi da wurin ajiya mai gadi su fi amfani da sabon titi, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ba ya hawa taswira: a wurinmu wanda ya koma keke ana cewa karayar arziki ce ta same shi. A nan tsohon firaminista Mark Rutte, lokacin yana kan mulki, da keke yake zuwa ofis ba wanda ya waiga. Wannan kallon ba injiniya ke gyara shi ba, sai an ga malamai da ma'aikata da 'ya'yan masu hali suna hawa.

Shawarata, kafin ka cika fom ko ɗaya, ka ɗauki hanya guda, misali daga unguwarku zuwa babbar kasuwa. Ka bi ta da keke da safe da azahar da dare. Ka tsaya a mahaɗa ka ƙirga masu keke na awa guda a ranaku daban-daban, ka yi hira da su, ka rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta. Masu tantance takardun neman gurbi da tallafi sun gaji da karanta "ina son in kawo ci gaba a ƙasata". Shafi biyu na abin da mai faci da 'yan makaranta suka gaya maka zai fi jan hankalinsu. Ka kuma duba dokar tsara birane ta Nijeriya ta 1992, akwai tanadin baje daftarin tsari ga jama'a su kawo ƙorafi, ka ga yadda za ka jingina aikinka da ita.

Idan ka haɗa, ka turo min tare da sakamakon digirinka da na jarrabawar Turanci kafin ƙarshen Nuwamba, domin yawancin tallafin karatu na rufewa tsakanin Disamba da Fabrairu. Ka gaishe min da Baba da su Inna, ka ce ina nan tafe da Babbar Sallah in Allah ya yarda.