Fassarar Rahoton Ma'adinai Daga Faransanci Zuwa Ingilishi: Ina Tarkon Yake?

Tambaya: An ba ni rahoton binciken zinariya da Faransanci in mayar da shi Ingilishi. Ina jin harsunan biyu, amma kalmomi irin su "puissance" da "schiste" sun tsaya mini a wuya. Ƙamus zai wadatar?

Amsa: Ba zai wadatar ba, Malam. Kalmar da ba ka sani ba za ka neme ta. Wadda kake ganin ka sani ita ke kayar da kai. "Puissance" a nan ba ƙarfi ba ne, kaurin shimfiɗar dutse ne, wato "thickness". "Direction" kuwa "strike" ne, alƙiblar da shimfiɗar dutse ta miƙe, abokin tafiyar "pendage", wato "dip", karkatar shimfiɗar zuwa ƙasa. "Toit" da "mur" su ne "hanging wall" da "footwall", dutsen da ke sama da na ƙasan jijiyar ma'adinin.

"Schiste" ya fi wahala, don Faransanci ya haɗa abin da Ingilishi ya raba. In rahoton na maganar laka da ta daskare cikin shimfiɗu, "shale" ne. In zafi da matsi sun sauya dutsen har yana sheƙi, kamar "micaschiste", to "schist" ne. "Schiste ardoisier" kuma "slate". Haka "altération": in ruwan sama da iska ne suka ruɓar da dutsen daga sama, "weathering" za ka rubuta, in ruwan zafi ne daga ƙarƙashin ƙasa, "alteration". A rahoton zinariya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin na biyun alama ce da masu bincike ke bi zuwa ga ma'adinin. Karanta sashen bayanin duwatsu tukuna kafin ka zaɓa.

Inda kuɗi ke shiga, kada ka ƙirƙiri komai. "Ressources mesurées, indiquées, présumées" su ne "measured, indicated, inferred". "Réserves prouvées, probables" su ne "proven, probable". Ƙa'idojin rubuta rahoton ma'adinai, NI 43-101 ta Kanada da JORC ta Ostareliya, sun ƙayyade ma'anar waɗannan, kuma mai zuba jari da su yake lissafi. Wanda ya rubuta "presumed", ko ya mayar da "ressources" "reserves", ya sauya darajar mahaƙar a takarda. Ƙa'idar ta Kanada tana da nassi a harsunan biyu, sai ka jera su gefe da gefe. Rumbun kalmomi na gwamnatin Kanada, TERMIUM Plus, shi ma kyauta ne a intanet.

Sai lambobi. Faransanci da waƙafi yake raba ɓangaren lamba: "teneur" (yawan zinariya a cikin dutse) 1,250 g/t giram ɗaya da kwata ne a kowane tan, amma mai karatun Ingilishi zai ga 1250. Mayar da waƙafin ɗigo a kowane jadawali. Ka bar "tonne" yadda take, kilo 1000, don "short ton" na Amurka kilo 907 ne. "Once" ta zinariya kuma ta "troy" ce, giram 31.1.