Gwamna zai iya tsige alƙali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana cewa kotu mai cin gashin kanta ce, amma da zarar an shiga shari'ar zaɓe sai ka ji ana "daga sama aka ba da umarni". Shin gwamna ko shugaban ƙasa na da ikon cire alƙalin da hukuncinsa bai yi masa daɗi ba? Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A takarda abin da wuya. Sashe na 292 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ba shugaban ƙasa damar sauke Alƙalin Alƙalai ba sai kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa sun amince. Babban Jojin jiha ma sai kashi biyu bisa uku na majalisar dokokin jihar. Alƙalan da ba shugabannin kotuna ba kuwa sai Majalisar Kula da Harkokin Shari'a, NJC, ta ba da shawara.

Duk da haka a Janairun 2019, zaɓe saura makonni, Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai na lokacin, Walter Onnoghen, bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, ba tare da an bi ta Majalisar Dattawa ba. Sai a Nuwambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, kujera ta riga ta tafi.

A ganinmu, inda aka fi matse kotu shi ne aljihu. Sashe na 121(3) ya ce a miƙa wa shugabannin kotunan jiha kuɗinsu kai tsaye, amma gwamnoni da dama suka yi kunnen uwar shegu. Jojin da sai ya aika gidan gwamnati neman kuɗin man janareta da gyaran rufin kotu, ta yaya zai yanke wa gwamna hukunci hankali kwance? A kan haka ƙungiyar ma'aikatan shari'a, JUSUN, ta garƙame kotuna daga Afrilu zuwa Yunin 2021. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 na 2020 da ya so tilasta wa jihohi, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022, ta ce ya wuce hurumi.

Sannan kotu ba ta da 'yan sandanta. 'Yan sandan da ke taimakawa wajen aiwatar da hukuncinta suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa. Ko ka ci gwamnati a shari'ar bashi, dokar aiwatar da hukunci ta ce sai Antoni Janar, wato lauyan wanda ka kai ƙara, ya yarda kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.